ƊUMI DAGA SAMA: YADDA SILIN KE ƊUMAMA ƊAKI, DA ABIN DA MAI GIDA YA KAMATA YA SANI KAFIN SANYI YA KANKAMA

 

Yau maganarmu a kan ɗumama ɗaki ce. Akwai wata hanya da ake amfani da ita a ƙasashen sanyi wadda da yawanmu ba mu taɓa jin labarinta ba: a sa silin ɗin ɗaki ya zama shi ne hita. Babu garwashi, babu hayaƙi, babu fanka mai hura iska. Mutum zai shiga ɗaki ya ji ɗumi na sauko masa kamar yana shan hantsi, ya waiga bai ga wuta ko'ina ba. Wanda ya gane yadda abin nan ke aiki, zai gane dalilin da ya sa ɗakin kwano ke gasa mutum da bazara, da dalilin da ya sa jariri ke yin sanyi kusa da bango ko an rufe taga, da kuma haɗarin kaskon gawayin da muke kwana da shi da hunturu. A daure a karanta har ƙarshe.

*Hanyoyi uku da zafi ke tafiya*

Zafi ba ya zama wuri ɗaya. Kullum yana tashi daga abu mai zafi zuwa abu mai sanyi, kuma hanyoyinsa uku ne.

Ta farko, taɓawa. Ka bar cokali a cikin shayi, can anjima ka ji mariƙinsa ya yi zafi.

Ta biyu, iska ko ruwa su ɗauke shi. Iskar da ta yi zafi ba ta da nauyi, sai ta yi sama, mai sanyi ta sauko ta maye gurbinta. Haka yawancin hitocin kasuwa masu fanka suke aiki.

Ta uku ita ce huci. Shi ne abin da kake ji a fuskarka in ka zauna nesa kaɗan da murhu, ko in ka fito shan hantsi da safiyar hunturu. Iska tana nan da sanyinta, amma kai kana jin ɗumi a gefen da ke kallon rana. Da wani ya zo ya tsaya tsakaninka da ita, nan take ɗumin ya yanke. Tsakaninmu da rana akwai tazarar kilomita kusan miliyan 150, mafi yawanta fili ne da babu iska a cikinsa, amma hucinta yana iso mana cikin minti 8 da 'yan daƙiƙu.

A shekarar 1800 wani masanin taurari a Ingila mai suna William Herschel ya raba hasken rana zuwa launukansa da wani gilashi, ya riƙa aza ma'aunin zafi a kan kowane launi. Da ya gusa da ma'aunin gaba da jan launi, inda ido ba ya ganin komai, sai ya ga zafin ya ƙaru. Nan aka gano cewa akwai hasken da ido ba ya gani amma fata tana jin sa. Duk wani abu mai ɗumi yana fitar da shi: bango, dutse, tukunya, har da jikinka.

Mutane kan ce ai zafi sama yake yi, to ta yaya silin zai ɗumama wanda ke zaune a ƙasa? Amsar ita ce, iska mai zafi ce take yin sama. Huci kuwa kamar hasken fitila yake, duk inda aka fuskantar da shi nan yake zuwa. Ƙwan lantarki ma ai a sama yake, kuma yana haska ƙasa.

*Yadda ake yin sa a ƙasashen sanyi*

Ɗumama jikin gini tsohon ilimi ne. Rumawa sun riƙa hura wuta a ƙarƙashin daɓen gidajen wankansu, mutanen Koriya ma sun daɗe suna bi da hayaƙin murhu ta ƙarƙashin daɓen ɗaki. Amma salon zamani na binne ƙananan bututun ruwan ɗumi a cikin filasta a Ingila ya faro, inda wani injiniya, Arthur Barker, ya yi rajistar dabarar a 1907. Daga baya, tsakanin shekarun 1950 zuwa 1970, an gina gidaje masu yawa a Amurka da wayoyin lantarki masu ɗumama a cikin silin, kuma har yau wasunsu suna aiki.

A yanzu nau'i uku ne suka fi yawa.

Na ruwa: ana shimfiɗa siraran bututu a bayan silin ko cikin filastarsa, ruwa mai ɗumi yana zagayawa a ciki. Ba tafasasshe ba ne, yawanci tsakanin digiri 30 zuwa 45 a ma'aunin Salshiyas. Fuskar silin ɗin kan tsaya kusa da ɗumin jikin mutum ko ƙasa da haka, ka taɓa da hannu ba abin da zai same ka. Da yake silin yana da faɗi, ɗan ɗumin nan ya isa.

Na lantarki: ko dai waya a cikin silin, ko faranti mai kama da farin allo da ake ɗaurawa a jikinsa. Farantan gida sukan ci wuta daga wat 300 zuwa 1,000, kuma fuskarsu ta fi ta na ruwa zafi sosai, shi ya sa ake ɗaura su inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Na gas: wannan na manyan wuraren aiki ne. Dogon bututun ƙarfe ne da harshen wuta ke bi ta cikinsa, an kifa masa faranti mai sheƙi a sama don ya mayar da hucin ƙasa. Ana rataye shi can sama, kuma hayaƙinsa ta bututu yake fita waje.

Abin da ke faruwa a ɗakin shi ne, hucin yana sauka a kan daɓe, bango, kujeru da mutane. Su kuma in sun ɗumama, sai su ɗumama iskar a hankali. Jikin mutum ba zafin iska kaɗai yake aunawa ba, yana haɗawa da ɗumin abubuwan da suka kewaye shi. Shi ya sa a ɗakin da bangonsa da daɓensa ke da ɗumi, ko iskar ta yi ƙasa da digiri 2 ko 3 mutum ba zai ji bambanci ba. A ɗakin da bangonsa ya yi sanyi ƙalau kuwa, ka kunna hita mai fanka ka ga har yanzu kana rawar ɗari, don jikinka yana zuba ɗuminsa ga bangon.

*Me ya sa masu wuraren sana'a suka fi son sa?*

Ka ɗauki gareji ko shagon kafinta a ƙasa irin Jamus ko Kanada, rufinsa mita 6 ko 8 daga ƙasa. In aka hura iska mai zafi, duk sai ta taru a can ƙarƙashin rufi inda babu kowa, ma'aikaci yana ƙasa yatsunsa sun sandare. Sannan duk lokacin da aka buɗe babbar ƙofa don shigo da mota, iskar da aka kashe kuɗi aka ɗumama ta fice. Amma in huci ne, daɓen siminti da injuna da kayan aiki su ne suka riƙe ɗumin, ana rufe ƙofa wurin ya dawo daidai. Ana kuma iya ɗumama wurin da mutum ke tsaye kawai a bar sauran filin. Dalili ke nan ake ganin sa a rumfunan ajiye jirage, ɗakunan wasanni da manyan rumbunan kaya.

Ta fuskar lafiya kuma, babu fanka, don haka babu tayar da ƙura. Wannan sauƙi ne ga mai asma da mai yawan atishawa, kuma kafinta ba zai ga garin katako yana yawo yana manne wa sabon fenti ba. Ga shi babu ƙara, babu abin da yaro zai tunkuɗe, babu abin da zani ko labule zai faɗa a kai.

*Shi ma yana da nasa aibin*

Kowane allazi da nasa amanu. Huci ba ya ratsa tebur, don haka wanda ya zauna a bakin tebur ƙafafunsa na iya yin sanyi. In silin ya yi ƙasa sosai kuma aka ƙure zafinsa, mutum zai ji kansa ya yi nauyi, wani har da ciwon kai. In ba a sa abin tare zafi a bayan silin ɗin ba, irin audugar gilashi ko soso mai kauri, wani kaso mai yawa na ɗumin rufi zai bi ya tafi. Wanda aka binne a filasta yana jinkirin ɗaukar zafi da jinkirin hucewa. Kuma duk wanda zai kafa ƙusa ko ya huda silin don rataya fanka, dole ya san inda waya ko bututu ya bi.

Sai maganar gobara. A tsakiyar shekarun 1990, hukumomin lardin British Columbia na Kanada sun ba da umarnin a yanke wuta daga wani nau'in shimfiɗar lantarki da ake sakawa a bayan silin, bayan an samu gobara a wasu gidaje. Wannan a ƙasar da ake bin dokar gini sau da ƙafa ke nan. Darasin shi ne, abin da ke ɓoye a bayan silin ba ka ganin lalacewarsa sai ya makara. Ingancin kaya da ƙwarewar mai haɗawa su ne komai.

'Yan uwanmu da ke zaune a Ingila, Amurka, Kanada da sauransu, in kun kama hayar tsohon gida kuka ga babu hita a jikin bango sai na'urar daidaita zafi kawai, ku tambayi mai gidan ko silin ne ke ɗumamawa kafin ku huda komai.

*To mu a nan, ya dace da mu?*

Gaskiya ɗaya ce: mafi yawan gidajenmu ba sa bukatar wannan. Sanyinmu na watanni biyu ne zuwa uku, daga Disamba zuwa farkon Fabrairu, kuma da dare da asuba ya fi tsanani. A Kano da Katsina da Damagaram ma'auni kan sauka zuwa wajen digiri 10 zuwa 13 a wasu darare, a Jos da tsaunin Mambila da yankin Agadas yakan yi ƙasa da haka. Da rana ta ɗaga, an wuce wurin.

Mu yi lissafi. Faranti mai cin wat 600, in ya yi awa 8 a kunne, ya ci yunit 4.8. A farashin naira 225 kowane yunit da aka sanya wa 'yan rukunin A a watan Afrilun 2024, naira 1,080 ke nan a dare ɗaya, sama da naira 32,000 a wata, a ɗaki ɗaya tak. Masu sola kuma, batir mai 200Ah na bolt 12, in ana so ya yi ƙarko rabinsa kawai ake sha, wannan farantin zai shanye rabin nan cikin awa 2. Kada kuma wani ya ce zai tayar da janareta a tsakar gida ko baranda don ya kunna hita, wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Inda abin zai yi amfani shi ne ɗakin haihuwa, ɗakin tsoho marar lafiya, ko wurin sana'a a gari mai sanyi irin Jos, ga wanda ke da tsayayyiyar wuta da halin biya. In za a saka, a kira ƙwararren mai gyaran wuta, a ja masa wayarsa daban mai kauri daga allon raba wuta, a haɗa wayar ƙasa, a sa na'urar da ke yanke wuta in an samu matsala. Kada a manna shi a silin roba, don zafi yana narkar da shi. Na gas kuwa, ba na ɗakin kwana ba ne ko kusa, kuma ba a sa shi inda ake fesa fenti, ko inda tururin fetur ko ƙurar katako ke tashi.

*Silin ɗinka ma hita ne, ko ba ka sani ba*

Ga inda wannan ilimi ya shafi kowa. Kwanon rufi a ranar Afrilu yakan haura digiri 60. In babu silin, ko silin ɗin siriri ne babu komai a bayansa, to kwanon ya zama babban farantin huci a kan iyalinka. Shi ya sa za ka ga fanka na juyawa amma gumi bai tsaya ba, don fanka iska take motsawa, ba ta tare huci. Da hunturu kuma abin sai ya juye: kwano yana saurin hucewa da dare, ya yi sanyi ƙarara, jikin masu barci ya riƙa zuba masa ɗuminsa har asuba.

Kakanninmu sun gane wannan da gwaji. Soro mai azara da kaurin ƙasa yana shan zafin rana a hankali, sai dare ya yi ya riƙa sakin sa cikin ɗaki. Da rana sanyi, da dare ɗumi. Ɗakin ciyawa ma haka, ba ya gasa mutum kamar kwano.

Don haka mai gida, kuɗin da za ka kashe a hita, in ka fara sa shi a rufi ya fi maka riba. A yi silin in babu. A shimfiɗa abin tare zafi a bayansa, ko takardar alminiyam mai sheƙi a ƙarƙashin kwano, a bar 'yar tazara tsakaninsu. A bar ƙofofin shan iska tsakanin kwano da silin, a sa musu raga saboda jemage da ɓera. Farin fenti a bayan kwano yana rage zafin bazara. Aiki ɗaya ne, amma zai yi maka amfani a sanyi da zafi duka, kuma ba ya cin yunit ko ɗaya.

*Babban haɗari: kwana da gawayi*

Yanzu ga maganar da ta fi kowace muhimmanci. Kaskon garwashi shi ma huci yake bayarwa, shi ya sa yake da daɗi. Amma gawayi in yana ci a rufaffen ɗaki, yana fitar da wata iskar guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari. Mutane kan ce "ai hayaƙin ya gama fita, saura jan garwashi." Wallahi jan garwashin nan da ba ya hayaƙi yana ci gaba da fitar da ita.

In ta shiga huhu, tana manne wa jini fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau 200 da ɗoriya, sai jini ya kasa kai iska ga ƙwaƙwalwa da zuciya. Alamominta: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, ruɗewa, sai barci mai nauyi. Wanda yake barci ba ya jin ko ɗaya, daga barcin sai a wuce. Jarirai, masu juna biyu, tsofaffi da masu ciwon zuciya su ta fi saurin kayarwa. In ka ga mutanen ɗaki ɗaya duk sun tashi da ciwon kai lokaci guda, kuma da sun fita waje sai su ji sauƙi, kada a tsaya cewa mura ce ko iska ce ta shafe su. A duba abin da ke ci a ɗakin. Hayaƙin janareta da risho ma wannan gubar suke ɗauke da ita.

Addininmu bai bar mu a duhu ba a nan. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa Al-Ash'ari, Allah Ya yarda da shi, cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina. Da aka ba Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, labari, sai ya bayyana wuta a matsayin abokiyar gaba, ya yi umarni a kashe ta in za a kwanta. Imam Nawawi ya yi bayanin cewa umarnin ya shafi duk wutar da ake tsoron cutarwarta, wadda aka aminta da ita kuwa babu laifi. To garwashi a rufaffen ɗaki, da hita mai jan ƙarfe kusa da katifa, da kyandir a kan akwati, ba wanda zai ce an aminta da su.

In dole sai an yi amfani da gawayi, a hura shi a waje, a ji ɗumi a wuri mai iska ko taga a buɗe, sannan a fitar da kaskon gaba ɗaya a kashe shi kafin a kwanta.

In aka tarar da wani ya galabaita: a buɗe ƙofa da tagogi, a fitar da shi waje nan take, a kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti don a sa masa iskar oksijin. Kada a ɗura masa manja ko madara, ba sa cire wannan gubar, kuma wanda ba ya cikin hayyacinsa zai iya shaƙewa su gangara huhunsa. Ko ya farfaɗo ya ce ya ji sauƙi, a kai shi likita ya duba.

In ƙuna ce, a zuba ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, na tsawon minti 20. Ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai, ban da toka. A rufe da tsaftataccen ƙyalle a tafi asibiti, musamman in yaro ne, ko ƙunar tana fuska, hannu ko al'aura.

*Jariri da maijego*

Duk wadda ta taɓa shiga ɗakin jarirai a babban asibiti ta ga wani ɗan gado da fitila mai ɗumi a samansa. Wannan ita ce dabarar da muke magana a kai, an ƙanƙanta ta: huci daga sama, likita yana aiki a kan jariri ba tare da ya yi sanyi ba. Ɗumin jikin jariri ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗakin haihuwa kada ya gaza digiri 25.

A gida, kada a kwantar da jariri jikin bango mai sanyi ko ƙarƙashin taga, don jikinsa yana zuba wa bangon ɗumi ko bai taɓa shi ba. A sa masa hula da safa, don kan jariri babba ne in aka gwada da jikinsa. A jinkirta wankan farko zuwa bayan awa 24, a daina wankan asuba da hunturu. Mafi kyawun hita ga jariri, musamman bakwaini, ita ce ƙirjin uwarsa: fata da fata, a lulluɓe su tare. Likitoci a Bogota ta ƙasar Kolombiya ne suka fara wannan tsari a asibiti a 1978, yau duniya duka ta karɓe shi.

Maijego kuma a tausaya mata. Tun a shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya bayan haihuwa a yankin, suka danganta shi da haɗuwar kwanciya a gadon ƙasa da ake hura wa wuta a ƙarƙashi, da wankan tafasasshen ruwa, da yawan kunun kanwa. Ɗumi daidai gwargwado yana da kyau, gashi kuwa cuta ne. Maijegon da ƙafafunta suka kumbura, ko take haki in ta kwanta, asibiti za a kai ta ranar, ba gobe ba.

*Tsofaffi da masu hawan jini*

Sanyi yana tsuke jijiyoyin jini, jini ya hau, zuciya ta ƙara wahala. A ƙa'idojin gidaje da lafiya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2018, ta ba da shawarar kada cikin gida ya gaza digiri 18 a lokacin sanyi. Ɗakin Baba ko Inna ya fi cancantar kulawa: a toshe kafofin da iska ke shigowa, a sa labule mai kauri, a shimfiɗa darduma ko tabarma biyu a kan siminti, a janye gado daga jikin bango. Riga biyu ko uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri riƙe ɗumi. A ɗumama musu ruwan alwalar asuba, babu abin da hakan ke ragewa a alwala. Abu Dawud ma ya ruwaito cewa Amr bin Al-As ya yi taimama a wani dare mai tsananin sanyi don tsoron halaka, kuma Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, bai yi masa inkari ba. Masu shan maganin hawan jini kada su yi wasa da shi a wannan lokaci.

Ga bushewar fata da faso, a shafa man zaitun ko man kaɗe bayan wanka tun jiki da danshi. Shayin citta da zuma yana tausasa maƙogwaro, amma ba a ba yaron da bai kai shekara 1 ba zuma. Yaron da ke numfashi da sauri, ko haƙarƙarinsa na lotsawa in ya ja numfashi, wannan alamar ciwon huhu ce, ba ta jiran magani a gida.

*Kafin a kwanta yau*

Mai gida, kai ne makiyayin gidanka. Kafin ka rufe ƙofa, ka zagaya ɗakin yara da na tsofaffi da na almajirai ko masu gadi in akwai. Ka tabbata babu kasko a ciki, an kashe risho da kyandir, an zare hitar ruwa daga soket, janareta yana can nesa da taga. In kana da bargon da ba a amfani da shi, ka san maƙwabcin da ke bukatarsa.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu daga gobara da mutuwar fuju'a, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu ga bayan wannan sanyi cikin aminci. A tura wa 'yan uwa da abokan arziki, wataƙila saƙon ya isa gidan da ake shirin kwana da garwashi a daren nan.